Masu karɓo bashin katin kanti sun hana ka sakat a Amurka? Ga tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da kullum ke dawowa a bakin mutanenmu mazauna Amurka, tun daga 'yan Zango na Bronx har 'yan Nijar na Greensboro, musamman waɗanda suka yanki katin kanti, wato katin sayen kaya bashi da ake buɗewa a kanti, abu ya cije, yanzu waya ta hana su barci. Dokokin jihohi sun bambanta, saboda haka in magana ta kai kotu a nemi lauya, amma abin da ke nan zai nuna maka inda ƙafarka take.

A kanti na yanki katin, to su waye waɗannan da ke kirana da sunan wani kamfani daban?

Ranar da kake gaban kashiya da kaya cike da kwando ta ce maka in ka buɗe kati yau za a rage maka kuɗi, ka miƙa lambarka cikin minti biyu aka amince, to ba kantin ne ya ba ka bashi ba, banki ne ke bayansa. Katin Lowe's da na TJ Maxx na bankin Synchrony ne, na Home Depot da Best Buy da Macy's na Citibank ne, na Kohl's na Capital One, na Target kuma na TD Bank. Kuɗin ruwan irin waɗannan katunan ya fi na sauran zafi, da yawansu ya kai 30 cikin ɗari ko ya haura, ga kuma tarkon nan na "babu ruwa har wata 12" wanda in wa'adin ya cika da saura ko dala 20 a kanka sai su lissafo ruwan tun daga ranar da ka sayi kayan su ɗora maka gaba ɗaya. Nan ne da yawa suke faɗawa, ba wai don rashin gaskiya ba.

In ka daina biya, bayan kamar kwana 180 banki yakan rubuta bashin a matsayin asara a littafinsa. Wannan ba yafiya ba ce fa. Daga nan ko dai ya ba wani kamfani kwangilar karɓowa, ko ya sayar da bashin ɗungurungum ga masu sayen bashi irin su Midland Credit Management da Portfolio Recovery Associates da LVNV Funding. Wani bincike da hukumar FTC, mai sa ido kan kasuwanci da kare masu saye a Amurka, ta fitar a 2013 ya nuna cewa a tsaka-tsaki santi 4 suke biya kan kowace dala ɗaya. Riƙe wannan a ranka, zai yi maka amfani a amsar ƙarshe kan sulhu.

Wace doka ce ke kare ni?

Babbar ita ce dokar tarayya da ake kira FDCPA, ta 1977, sai ƙa'idojin da hukumar CFPB, mai kare jama'a a harkokin kuɗi da bashi, ta ƙara mata, wato Regulation F, da suka fara aiki ranar 30 ga Nuwamba 2021. Tana kare duk wanda ake bi bashi, ba ta tambayar ko kai ɗan ƙasa ne ko kana da girin kad ko ba ka da shi.

Amma akwai wurare biyu da ba ta kai ba. Na farko, ta fi shafar kamfanonin karɓo bashi da masu sayensa da lauyoyin da suka mai da wannan sana'a, ba ta cika taɓa bankin da ya ba ka katin ba in shi da kansa ke kiranka da sunansa. A nan dokar jiha ce ke taimakawa, California da Texas da North Carolina da New York duk suna da dokokin da suka kai har kan mai bashin na asali. Na biyu, bashin amfanin kai da iyali take karewa. Masu sayen kaya da kati su cika kwantena a kai Kumasi ko Kano a sayar, ku sani za a iya cewa wannan bashin kasuwanci ne, kuma dokar ba ta rufe shi ba.

Me da me aka hana su yi?

Zagi da batsa, barazanar duka ko wata cuta, kira a kai a kai don kawai su ƙuntata maka, ƙarya kan yawan kuɗin, ƙara wasu kuɗaɗe da babu su a yarjejeniya ko a doka, yin kamar su lauyoyi ne ko 'yan sanda ko jami'an gwamnati, aiko takarda mai kama da ta kotu alhali ba ita ba ce, da yi maka barazanar abin da ba su da ikon yi ko ba su da niyyar yi. Dole kuma su faɗa maka cewa su masu karɓo bashi ne.

Sau nawa za su iya kirana, kuma da wane lokaci?

Kafin ƙarfe 8 na safe da bayan ƙarfe 9 na dare, agogon garin da kake, ba su da izinin kira. In kuma kai aikin dare kake, da rana kake barci, ka gaya masu lokacin bai dace da kai ba, dole su kiyaye. Kan yawan kira, in sun wuce sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi guda, doka na ɗauka sun ƙetare iyaka, haka kuma in kun yi magana a waya yau sai sun jira kwana 7 kafin su sake kira kan wannan bashin. Lura, lissafin na kowane bashi ne daban, mai kati uku a hannun kamfani ɗaya zai ga kira ya fi haka.

Wajen aiki ma haka. 'Yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a gida, kina tsaka da yi wa tsohuwa wanka waya na ta ruri a aljihu, da kin ce masu wajen aikinki bai yarda da irin wannan kira ba shi ke nan, an rufe wannan ƙofar. Suna iya turo tes ko imel ko saƙon sirri a Facebook, amma dole su sa hanyar da za ka ce ba ka so, kuma ba su da damar rubuta komai a inda abokanka ko jama'a za su gani.

Sun ce za su sa a kama ni, wani ma ya ce zai kai sunana imigireshan. Gaskiya ne?

Ƙarya ce, kuma faɗinta kanta karya doka ne. Rashin biyan bashin kati ba laifin ɗauri ba ne a Amurka, magana ce ta farar hula, kuma kamfanin karɓo bashi ba shi da wani iko a kan takardunka na zama. Suna jin harshenka ne su gane baƙo ne sai su taɓa inda ya fi yi maka ciwo, wannan abin na ba ni takaici ƙwarai, don na san akwai masu cire kuɗin haya su biya saboda tsoro. Rubuta maganar yadda ya faɗe ta da ranar da lokacin, hujja ce a hannunka.

Sau da yawa ma mai irin wannan barazana ɗan damfara ne kawai. In ya ce sai ka biya yanzu-yanzu da katin kyauta (gift card) ko ta Western Union, ya ƙi ba ka adireshin kamfani, kashe wayarka. Abu ɗaya da zai iya jawo kamu shi ne alƙali ya ba da umarnin ka bayyana a kotu ka ƙi zuwa, wannan kuma raina kotu ne ba bashin ba, duba amsar sammaci a ƙasa.

Sun kira yayana da wani abokin aikina, har zancen ya shiga cikin jama'a. Suna da dama?

Suna iya tuntuɓar wani don tambayar adireshinka ko lambar wayarka ko inda kake aiki, yawanci sau ɗaya tak, kuma ba su da izinin gaya masa ana binka bashi. Waɗanda za su iya tattauna bashin da su su ne matarka ko mijinki, lauyanka, ko mai kula da dukiyarka a shari'ance. Yaya, ƙani, kawu, liman, maigidan haya, duk ba sa ciki. Ko a bayan ambulan ba a yarda su rubuta abin da zai nuna ta bashi ce ba.

Mu kam wannan ya fi komai yi mana zafi don mutunci muke tsaro, kuma wanda ya ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa tura wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon tozarci a Najeriya har hukumar kare masu saye ta ƙasar, FCCPC, ta shiga maganar a 2022 ya san irin ɓarnar da abin ke yi. Ka roƙi wanda aka kira ya rubuta abin da aka ce masa ya sa hannu, kar kunya ta sa a binne maganar.

In sun kira karon farko me zan ce?

Ka tambayi sunan mai magana, sunan kamfani, adireshi, sunan bankin asali da nawa ne kuɗin, sannan ka ce a aiko maka a rubuce. Kar ka ce "e, bashina ne", kar ka yi alkawarin biya, kar ka ba da lambar asusun banki, kar ka biya ko dala 5 don a ƙyale ka, dalilin yana cikin amsar tsohon bashi. In Turancin na yi maka gudu ka ce a rubuce kawai kake so, ba dole sai ka yi muhawara a waya ba.

Daga ranar ka ware ɗan littafi guda. Kowane kira layi ɗaya: Talata, 7:20 na safe, mace ce, ta ce kaza. Ɗauki sikirinshot na jerin kira da tes, kar ka goge saƙon murya, ka ajiye wasiƙu har da ambulan ɗinsu saboda hatimin kwanan wata. Naɗar murya kuma sai ka duba jiharka, a New York kana iya naɗa tunda kana cikin hirar, a California da Pennsylvania da Florida sai da yardar ɗaya ɓangaren.

Ta yaya zan tabbatar bashina ne kuma lissafin daidai ne?

Cikin kwana 5 da fara tuntuɓarka dole su ba ka takardar bayanin bashi, mai ɗauke da sunan mai bashin, adadin kuɗin, yadda ruwa da tara suka hau, da ranar da damar musantawarka za ta ƙare. Kana da kwana 30 daga karɓarta ka rubuta masu cewa kana musanta bashin ko wani sashe nasa. In ka yi haka a kan lokaci, dole su dakatar da neman kuɗi har sai sun aiko da hujja. Layi uku sun isa: sunanka, lambar da ke kan takardarsu, da cewa kana musantawa kuma kana son hujja da sunan bankin asali. Ka kai gidan waya ka ce Certified Mail kake so mai dawo da shaidar karɓa, za su haɗa maka da ɗan koren kati, ranar da ya dawo da sa hannunsu ka maƙala shi a jikin kwafin wasiƙarka.

Kar ka raina wannan mataki. Bashin da ya bi hannu uku ko huɗu sau da yawa takardunsa ba su cika ba, ga kuma matsalar sunayenmu, Mohammed Ibrahim nawa ne a Bronx kaɗai? A 2015 hukumar CFPB ta ci Encore Capital, uwar kamfanin Midland, tarar dala miliyan 10 da umarnin mayar wa mutane har dala miliyan 42, ta kuma ci Portfolio Recovery tarar dala miliyan 8 da mayar da miliyan 19, kuma cikin laifuffukan akwai neman bashin da ba su tantance ba. In kwana 30 ɗin sun wuce maka, doka ta ce shirunka ba amsa laifi ba ne, har yanzu kana iya musantawa, sai dai ba dole su dakata ba.

Zan iya hana su kira gaba ɗaya?

Ƙwarai. Ka rubuta masu cewa su daina tuntuɓarka, ka aika ta hanyar da aka faɗa a sama. Bayan sun karɓa abin da ya rage masu shi ne su sanar da kai sun daina, ko su sanar da kai matakin da za su ɗauka, kamar zuwa kotu. In kana da lauya kuma sun sani, shi za su nema ba kai ba.

Sai dai bashin na nan, kuma in ka toshe duk ƙofofi wani kamfanin kotu zai nufa kai tsaye. Ni shawarata, fara da wasiƙar musantawa, sannan ka ce a daina kira a waya amma a ci gaba da wasiƙa. Kunnenka ya huta, kuma kana ganin abin da ke tafiya.

Amma fa na ci bashin nan da gaske. Ba zalunci ba ne in tsaya ina ja da su?

Bashi abu ne mai nauyi a addini kuma ba wanda ke cewa ka cinye haƙƙin wani. Amma neman a nuna maka lissafi da ƙin yarda a zage ka ba gudun biya ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara cewa ta yi a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Abin da ka ci shi ne a kanka, cin mutunci ba ya cikin abin da ka sa wa hannu. In ka biya mutumin da bai mallaki bashin ba ma, ka yi asara kuma nauyin bai sauka ba.

Bashin ya tsufa, shekara da shekaru. Har yanzu za su iya kai ni kotu?

Kowace jiha na da wa'adin shigar da ƙara, yawanci shekara 3 zuwa 6. New York shekara 3 ne tun watan Afrilun 2022, North Carolina 3, California da Texas 4. In wa'adin ya wuce an hana su kai ƙara ko yin barazanarta, duk da cewa a yawancin jihohi suna iya roƙonka ka biya. Tarkon shi ne a jihohi da dama in ka biya ko kaɗan, ko ka amsa bashin a rubuce, wa'adin na iya komawa sabo fil. Shi ya sa za ka ji murya mai laushi tana cewa ka sa dala 10 kawai don nuna kyakkyawar niyya. New York ta toshe wannan kafar, amma kar ka ɗauka ko'ina haka ne. Kar kuma ka haɗa wannan da rahoton kiredit, wato tarihin bashinka da biyanka, shi shekara 7 ne bashin ke zama a kai, lissafinsu daban.

Na tarar da takardar sammaci a bakin ƙofa. In yi shiru?

A'a, don Allah a'a. Duk cikin wannan shafin babu abin da ya kai wannan muhimmanci. Rahoton cibiyar Pew na 2020 ya nuna sama da kashi 70 cikin ɗari na shari'o'in bashi a wuraren da aka bincika sun ƙare ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. In ba ka amsa ba sau da yawa alƙali ba ya ma duba ko takardunsu sun cika, ba su nasara kawai yake yi. A birnin New York kwana 20 gare ka in hannu da hannu aka ba ka, 30 in ta wata hanya ce, sauran jihohi ka duba jikin takardar.

Ka je ofishin akawun kotu da takardar, akwai fom na amsa, a ciki kake nuna ko bashin ba naka ba ne, ko kuɗin ba daidai ba, ko wa'adi ya wuce, ko su kawo hujjar sun mallaki bashin. Kotunan New York na ba da tafinta kyauta, ka ce na Hausa kake so. Ofisoshin Legal Aid na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi ba tare da kuɗi ba. In ma sai da aka riƙe asusunka ka san an yi shari'a, ana iya roƙon kotu ta soke hukuncin, musamman in tsohon adireshi aka kai sammacin, amma da sauri ake yi.

Za su iya taɓa albashina ko asusuna?

Sai da hukuncin kotu. Ko da shi, dokar tarayya ba ta yarda a cire sama da kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage bayan haraji ba, kuma dala 217.50 na farko a mako ba a taɓa su. New York ta tsayar a kashi 10 na albashi, Texas da Pennsylvania da North Carolina da South Carolina kuwa ba su yarda a cire albashi kan bashin kati ba, ko da yake ana iya bin asusun banki. Kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya, da na tsofaffin sojoji da ke shiga asusu kai tsaye, banki dole ya kare na wata biyu.

Katin na mijina ne, ko na mahaifinmu da ya rasu. Ni zan biya?

In sunanki kawai aka ƙara don ki riƙa amfani da katin, a ƙa'ida ba ke ake bi ba. In tare kuka buɗe ko kin tsaya masa, to kina ciki. Jihohin da ke ɗaukar dukiyar aure a matsayin ta haɗin gwiwa, irin California da Texas da Arizona, nasu daban ne, a tambayi lauya. Bashin mamaci daga abin da ya bari ake biya, ba daga aljihun 'ya'ya ba. In iyali sun ga dama su sauke masa nauyi don Allah wannan alheri ne, amma a fara bin matakin tabbatarwa na sama, kuma mai kira ba shi da damar cewa doka ta tilasta maku.

Sun karya doka kuma ina da hujja. Ina zan kai?

Ka shigar da koke a shafin CFPB, yawanci kamfani na amsawa cikin kwana 15, ka kuma kai wa FTC da ofishin babban lauyan jiharka, kar ka tsaya a wuri ɗaya. Mazauna birnin New York na da hukumar DCWP wadda ita ke ba waɗannan kamfanoni lasisi. Kana kuma iya kai su kotu da kanka, cikin shekara 1 daga ranar da suka yi laifin, a ba ka diyyar har dala 1,000 ban da asarar da ka yi, su kuma biya lauyanka in ka yi nasara, shi ya sa lauyoyin wannan fanni da yawa ba sa karɓar kuɗi a gaba. Ɗan littafin nan da koren kati su ne abin da lauya zai fara tambaya. Nasarar ba ta goge bashin, amma tana ba ka ƙarfi wajen sulhu.

Ina so in biya in huta. Yaya ake sulhu?

Bayan ka tabbatar bashin naka ne, kuma su ne ke da shi, kuma ka san matsayin wa'adinsa, sai ka yi tayin abin da za ka iya da gaske. Wanda ya saya da arha yana da wurin ragi, musamman in za ka biya a dunƙule, to ka yi ciniki kamar yadda ka saba, fara daga ƙasa. Kar ko sisi ya fita sai takarda ta zo hannunka mai cewa wannan adadin ya rufe bashin gaba ɗaya, maganar waya ba ta tsayawa a kotu. Ka biya da cek na banki ko wata hanya mai rasit, kar ka ba su damar cira daga asusun da albashinka ke shiga.

Ka yi hattara da kamfanonin da ke tallar za su rage maka bashi, dokar FTC ta 2010 ta hana masu tallar ta waya karɓar lada kafin su sasanta maka komai. In an yafe maka dala 600 ko fiye, ana iya aiko maka da fom 1099-C kuma hukumar haraji IRS na iya lissafa shi cikin kuɗin shigarka, ka nuna wa mai cike maka haraji. Bayan wata ɗaya ko biyu ka duba rahotonka a AnnualCreditReport.com, kyauta ne, ka ga ko kamfanonin da ke ajiye rahoton kiredit, Equifax da Experian da TransUnion, sun nuna saura sifili, in ba su nuna ba ka aika masu kwafin takardar sulhun da rasit.